Kwandala Biyu a Kan Allura

Akwai wani tsohon hedimasta da ya shekara goma sha biyu da yin ritaya, amma har yau in ya yi gyaran murya a bakin titi sai ka ga magidanta masu furfura suna gyara tsayuwa. Irin mutanen nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai sun nemo kuskure a ciki.

Shi kaɗai yake zaune a ɗaki biyu a saman bene. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, sai dai waya a ƙarshen mako, ita ma rabinta "kana ji na?" ne. Kujeru huɗu ne a falonsa, uku littattafai ne ke zaune a kansu.

Wata rana yana kwashe tsofaffin takardu ya ci karo da wani ƙaramin faifan garmaho. Na yayansa ne, wanda ya tafi aikin jirgin ruwa tun Hedimasta yana ɗan shekara tara, bai kuma dawo ba. A wancan zamanin akwai shagunan da mutum zai shiga ya yi magana ta minti biyu, a ɗauki muryarsa a faifai, ya aika gida kamar wasiƙa. Wannan faifan ne kaɗai abin da ya iso daga gare shi.

Hedimasta yana tune da cewa a ƙarshen faifan Yaya ya bar masa saƙo, shi kaɗai. Abin da saƙon ya ce ne ya ɓace masa. Kuma duk waɗanda suka saurara tare da shi a ranar sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda zai tambaya.

Yana da garmaho, amma kan allurarsa ya mutu tuntuni, wato ɗan abin nan da bai fi kan yatsa ba, da ke maƙale a bakin hannun garmahon yana riƙe da allura. Sai ya rungumi garmahon ya nufi wani shagon gyaran rediyo da ke matse tsakanin mai yanka makulli da mai ɗinkin takalma.

Mai gyara ya miƙe da sauri. "Yallaɓai, sannu da zuwa. Ba ka gane ni ba? Layin baya a ajinka, kusa da taga."

"Na gane ka. Kai ne mai barci da ido buɗe."

Mai gyara ya yi dariya, ya ɗaga hannun garmahon da yatsa ɗaya yana jin nauyinsa. Ya jawo wani kwali da ya koɗe daga ƙasan teburi.

"Hannun nan na da ne, nauyi gare shi. Ga kan da ya dace da shi, allurarsa mai tauri ce, za ta ɗauke shi."

Hedimasta bai ko kalli kwalin ba. Idonsa na kan wani kai mai ruwan zinariya da ke cikin gilashi. "Wancan fa?"

"Wancan ya fi kyau, ya fi tsada, amma ba naka ba ne, Yallaɓai. Allurarsa laushi gare ta, don hannu marar nauyi aka yi ta. Ka ɗora mata wannan, kamar ka ɗora buhun siminti a keken yara ne. Wane irin faifai za ka saka?"

"Wannan ba ya cikin tambayoyin jarrabawarka. Sau nawa ma ka maimaita aji huɗu?"

"Sau biyu. A na ukun ne kuka ce in je in huta."

"To miƙo mai zinariyar. Abin da zan saurara ba zai bi ta cikin kwalin da ɓera ya ɗanɗana ba."

"Bari in biyo ka in ɗaura maka, in daidaita nauyin."

"Akwai takarda a ciki. Na iya karatu."

Da la'asar Hedimasta ya gama ɗaurawa a gida. Ya rufe taga, ya sa hularsa kamar mai jiran baƙo, ya sauke allura.

"Inna, ni ne. Ina nan lafiya..."

Hedimasta bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Muryar ta saurayi ce, ba ta ma kai ta ƙaramin ɗansa girma ba. Amma kafin Yaya ya gama gaisuwa, hannun garmahon ya fara rawa, allura ta yi tsalle ta tsallake layi uku.

Nan ya tuna dabarar zamanin samartakarsu: in allura na tsalle, a ɗora mata kwandala. Ya ɗora. Tsalle ya tsaya, amma allurar mai laushi ta durƙushe, ƙasan kan ya kwanta a jikin faifai, murya ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin bargo. Da aka zo ƙarshe, wurin saƙonsa, bai tsinci kalma ko ɗaya ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Hedimasta ya ƙara kwandala ta biyu.

Ya mayar da allura wurin, ya kara kunne. Ya sake mayarwa. Ya sake. Can ya ga wani siririn baƙin zare yana nannaɗowa daga ƙarƙashin allurar. Ya hura, sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli a inda layin magana yake.

Kwana uku bai sauko daga bene ba. Da 'yarsa ta kira, ya ce mata mura ce.

A rana ta huɗu ya naɗe faifan a tawul ya tafi shagon. Mai gyara ya duba shi da gilashin ƙara girma, ya daɗe bai ɗago ba. Hedimasta ya tsaya yana jiran a ce masa "ai na faɗa maka", don da shi ne, da tuni ya faɗa sau uku har da bulala.

"Muryar wa ke ciki, Yallaɓai?"

"Yayana."

Mai gyara ya sa kwalin nan da ya koɗe a aljihu, ya ja ƙofar shago ya kulle da tsakar rana.

A falon Hedimasta, mai gyara ya kwance mai zinariya, ya ɗaura mai tauri, ya yi ta murza ƙarfen nauyi da ke bayan hannun har ya daidaita. Ya ajiye wayarsa kusa da lasifika.

"Sau ɗaya za mu saka. Irin wannan faifan fenti ne kawai a kan ƙarfe, kowane juyi cin sa yake yi. Waya za ta riƙe mana abin da ya rage."

Hedimasta ya sauke littattafai daga kujera ɗaya, mai gyara ya zauna a bakinta.

Murya ta fito tas. Yaya ya gai da Inna, ya gai da Baba, ya ce sanyin teku ba shi da mutunci, ya yi dariya. Sannan ya ce, "Shi kuwa Auta, ku ce masa..."

Sai ƙara, shuuu, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Ta daɗe. Daga can muryar ta dawo.

"...kada ya manta."

Faifai ya ƙare. Mai gyara ya ɗaga hannun garmahon a hankali, ya fara tattara sukudirebobinsa.

"Ina za ka?" in ji Hedimasta, idonsa na kan bango. "Ban ce an tashi ba. Zauna, ka kunna mana wayar."

Darasi: Abin da ya fi tsada ba lallai ne ya zama abin da ya dace da kayanka ba, kuma wanda ka raina a aji yana iya zama malaminka a wurin sana'arsa. Ka saurari mai aiki tun kafin ka taɓa abin da ba shi da na biyu, domin akwai ɓarnar da ko gwani iyakarsa ya ceto saura. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wannan kawun naku da ba a taɓa gaya masa magana ya ji ba.