Wanda Ya Kai wa Gwamma Taki

An yi wani hakimi da ya kafa doka cewa taki, na zamani ko na gargajiya, ba ya shiga gonar kowa sai da izininsa. Damina ta yi nisa, masarar kowa ta yi rawaya, amma ta wata tsohuwa Gwamma kore shar. Dogarai suka kai ta fada.

Hakimi ya ce, "Tsohuwa, tono takin nan daga ƙasa ki kawo mini, ko ki faɗi wanda ya kai miki. In ba haka ba, gonar ta zama tawa."

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa, me za a yi masa?"

"A ɗaure shi!"

"In yana da ubangida fa?"

"A haɗa da ubangidan!"

"Madalla. Shanunka ne suka yi rani a gonata, kuma ban ga sun nemi izini ba kafin su ɗaga wutsiya."

Fada ta kece da dariya, sarkin dogarai ya ɓoye igiyarsa a baya. Hakimi ya yi gyaran murya ya ce, "An soke dokar. Kowa ya nemi takinsa."

Gwamma ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamaninka. Baɗi ma a turo mini masu laifin."