Ranar Da Tani Ta Soya Masar Sadakarta

Akwai wata dattijuwa a unguwar Safa ta Jidda da kowa ya sani da Ummu Sajida mai masa. Sunanta Tani Isma'il. Duk Bahaushen da zai yi suna ko walima, daga Safa har Abhur, ita yake nema, domin masarta ba ta shan mai, ita kuma ba ta saɓa lokaci.

Abin da masu cin masar ba su sani ba shi ne, kafin ta zo ƙasar nan ta yi shekara goma sha ɗaya tana fitowa a finafinan Hausa a Kano. Zamanin kaset ke nan, lokacin da gida ɗaya ke da bidiyo, unguwa guda ta taru a tsakar gidansa.

Ba ta taɓa fitowa a jaruma ba. Ita ce gwaggon amarya, ita ce maƙwabciyar da ke shigowa aron rariya ta zauna har la'asar. Kusan kullum da tsintsiya a hannu take shigowa, shi ya sa 'yan kallo suka sa mata Gwaggo Mai Tsintsiya.

Minti uku take yi a fim, amma in an tashi daga kallo maganarta ake maimaitawa a hanya. Ba a ba ta rubutu. Darakta zai ce ta shiga ta ɓata wa wance rai, sauran daga kanta yake fitowa.

Fim arba'in da bakwai ta yi. A cikinsu sau biyu kacal aka rubuta sunanta a ƙarshen kaset, ɗaya ma ba daidai aka rubuta ba. A lura da wannan, domin daga nan ɓarnar ta faro.

Da mijinta ya samu aikin tuƙi a unguwar masana'antu ta Jidda ya yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, sai ta ajiye fim ta biyo shi da 'yarsu Sajida a goye. Shekara ashirin da biyu ke nan. Mijin ya rasu, ita kuma tana nan da tandarta da niƙabinta. Ba ta ɓoye tarihinta ba. Babu wanda ya tambaya ne.

To akwai wani magidanci, Zaharadden, mai sayar da wayoyi, da ke da shafin da yake ɗora tsofaffin finafinai. Mabiyansa suna da yawa, yawan kuma ya hau masa kai. Wata Asabar ya ɗora guntun fim ɗinta, ya rubuta cewa Allah ya yi wa Gwaggo Mai Tsintsiya rasuwa a Saudiyya. Wani ne ya gaya wa wani, wanin ya gaya masa. Ko sunanta bai sani ba, balle ya bincika.

Sajida ce ta fara gani. Ta shigo kicin da waya a hannu ta ce, "Ummi, wallahi kin mutu a waya. Mutum dubu tara sun ce Allah yarhamha."

Tani ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhun shinkafa. Ta ce a karanto mata, ta ji wa da wa ke ƙaunarta.

Dariyar ta tsaya da aka kira ta daga Bichi, garinsu. Yayanta, tsoho mai hawan jini, ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun safe yana karɓar gaisuwa, yaransa sun kasa samun layinta sai a lokacin. Aka miƙa masa wayar. Ta lallashe shi, amma ta san labarin ya tafi garuruwan da wayarta ba za ta kai ba. Bakin da ya kashe ta, shi kaɗai zai iya tashinta.

Ta sa Sajida ta tura wa Zaharadden saƙon murya a shafinsa, cikin ladabi, cewa tana raye kuma a Jidda take, ya janye. Amsar da ya bayar ita ce, ita ce mace ta huɗu da ta ce ita ce Gwaggo, su ji tsoron Allah su bar mamaciya ta huta. Daga nan ya toshe su. Washegari ya sanar da taron addu'a, ranar Juma'a bayan la'asar, a wata istiraha, wato gidan taro na haya, da ya kama a Abhur.

Ranar Talata wayar Tani ta yi ƙara. Hikima ce, matar Zaharadden, tana son masa ɗari huɗu da miyar taushe, na sadakar wata 'yar fim da ta rasu.

Sajida ta ce halas, wato ya isa haka, kada ta karɓa, wannan cin fuska ne. Tani ta ce a jiƙa shinkafa.

"Ke yarinya ce. Mutum nawa kika sani da ya samu damar dafa abincin sadakarsa? Ni zan sa gishirin da hannuna."

Ranar Juma'a istiraha ta cika. Maza a tsakar fili, mata a falo, labule a tsakani, an kafa babban allo inda kowa zai gani. Tani tana bakin labule tana zuba miya, tana jin matan da ke karɓar faranti daga hannunta suna yi mata addu'ar samun rahama. Kowacce ta amsa mata da amin.

Zaharadden ya miƙe da babbar riga ya yi jawabi. Ya ce marigayiya tamkar uwa take a wurinsa. Ya ce 'yar Zariya ce, alhali 'yar Bichi ce. Ya ce ta yi fim kusan ashirin.

"Arba'in da bakwai ne," in ji Tani daga bayan labule.

Ya yi murmushi irin na wanda ya san komai. "Hajiya mai masa, a kula da miya, a bar mana tarihi."

"Ɗana, tarihin ne ke zuba maka miyar. Ni ce kuka taru a kaina."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Zaharadden ya ce ga ta biyar ta bayyana, wasu samari suka yi dariya. Amma a cikin matan akwai Hajiya Mastura, tsohuwa haifaffiyar Jidda, wadda kakanninta suka zo hajji a ƙafa. Da kasetocin da alhazai ke kawo mata tsaraba ta riƙe Hausarta. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce a bar baiwar Allah ta yi magana.

Tani ba ta yi rantsuwa ba. Ta ce a kunna guntun fim ɗin da ya ɗora. Aka kunna. Ga Gwaggo tana shara tana sababi.

Ta tambaye su da wane hannu take sharar. Aka duba, da hagu ne. Hannun dama yana cikin mayafi tun farkon fitowar.

Sai ta ba su labari. A lokacin, ƙananan 'yan wasa mata su ne masu girkin ma'aikata. Da safen ranar tana soya ƙosan mutum ashirin, kasko ya goce, mai ya kwarara mata a bayan hannu. Darakta ya ce kyamarar haya ce ta yini ɗaya, ba za a jira ba. Ta yage gefen shuɗin ɗankwalinta ta ɗaure hannun, ta shiga ta ba mutane dariya.

"Ku kai inda na juya zan fita, ku tsayar."

Aka kai, aka tsayar. Mayafin ya ɗan zame, ga shuɗin ƙyalle a hannun dama. Shekara ashirin da biyar ana kallon wurin nan, babu wanda ya taɓa lura.

Tani ta juya wajen mata, ta ɗage niƙabi, ta miƙa hannunta. Ga tabon, shimfiɗe daga wuyan hannu zuwa yatsu. Hajiya Mastura ta kama hannun, ta dubi fuskar, ta daɗe tana dubawa.

"Ya Allah. Ke ce. Wallahi ke ce, ga wushiryar nan." Sai kuma ta ɗaure fuska. "To ni da na je Makka ranar Litinin da ciwon gwiwata na yi miki umra, yaya ke nan?"

"Yaya, Allah ya ga niyya. Mako mai zuwa mu koma tare, ni zan tura ki a keken marasa lafiya."

Wata ta rangaɗa guɗa, falo ya kaure. Masu kuka suna dariya, masu dariya suna neman ƙarin masa. Hikima ta rufe fuska da mayafi ta kasa ɗagowa. Wani dattijo a ɓangaren maza ya ce tunda an riga an taru, a juya addu'ar ta koma ta tsawon rai, aka kuwa juya.

Zaharadden ya zo bakin labule ya durƙusa, ya ce Baba ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun ranar Asabar, amma yafiya daban, gyara daban. A gaban dubban mutane ya binne ta, a gabansu zai tono ta. Ta ce wa Sajida ta kunna kyamarar waya.

Ya fara magana ƙasa-ƙasa, yana cewa an samu ɗan kuskure.

"Tsaya. Ba a samu ba, kai ka yi. Sake."

Ya sake, ya ce Gwaggo Mai Tsintsiya tana raye.

"Tsaya. Gwaggo ba ta da iƙama. Faɗi sunana."

A karo na uku ya ɗaga kai ya faɗa da ƙarfi, cewa shi Zaharadden ya yaɗa abin da bai bincika ba, kuma Hajiya Tani Isma'il 'yar Bichi, mai fim arba'in da bakwai, tana nan Jidda da ranta da lafiyarta. Ta ce wannan ya yi, a ɗora. Bai bar wurin ba sai da ya ɗora, ya goge na farkon a gabanta.

Kafin a kwashe faranti, wata da suka yi fim tare, wadda rabonsu da juna tun tana goyon Sajida, ta kira daga Gusau. Tani ta ɗaga, ta ce mata ta yi magana da ƙarfi, mamaciya tana cikin jama'a.

Darasi: Kada ka sanar da mutuwar wanda ko sunansa ba ka sani ba, kada kuma ka rufe bakin mai gyara maka don ka ga ludayi a hannunta. Wanda ya yi ɓarna a bainar jama'a, a nan ake bin sa gyara, ba a lungu ba. Ku kuma masu ɗora tsofaffin finafinai, wajibinku ne ku nemo sunayen matan nan ku rubuta su daidai tun suna raye, haƙƙinsu ne, ba alfarma ba. Duk wanda yatsansa ya taɓa saurin tura labarin rasuwa, ya tura wannan da irin saurin.