Gwangwanin Mai Dalma

Akwai wani mai gyaran kayan sauti da ake kira Mai Dalma. Shekara talatin yana liƙe wayoyi a ɗan shagonsa, har hayaƙin dalma ya rina masa farce.

Abin alfaharinsa wata 'yar na'ura ce da ya haɗa da hannunsa. Masu harkar suna ce mata dak. Ita ke mayar da kiɗan cikin kwamfuta ya zama sautin da hedifon zai kai kunne. Ya yi ta ne don masu jin kiɗan gargajiyar Turawa, irin wanda masu goge da fiyano da sarewa ke taruwa su kusan saba'in, babu mai rera waƙa. Aibinta ɗaya, akwatinta ba shi da kyan gani.

Mijin ƙanwarsa kuwa shi ne Sarkin Kunne. Duk Asabar abokai kan cika falonsa, ya kunna kyamara, ya sa hedifon, ya lumshe ido, ya yanke wa na'urori hukunci. Abin da ya yaba a saya, abin da ya kushe ya mutu.

Mai Dalma ya kai masa tasa, yana ganin ai na gida ne. Ko minti ɗaya surukin bai yi da ita ba ya cire hedifon, ya ɗaga ta gaban kyamara.

"Yaya, ka yi haƙuri, wannan gwangwanin ai sai dai a zuba ƙusoshi."

Falo ya ɗauki dariya. Kafin mako ya zagayo, wani mai zuwa falon da ake ce wa Likita da wasu mutum biyu da suka sa a haɗa musu irinta sun fasa. Masu kawo gyara ma suka ja baya. Sunan shekara talatin, ƙaramin suruki ya zubar da shi a minti ɗaya.

Ƙanwarsa ta zo ba da haƙuri. "Yaya, ka san halinsa, bakinsa ne kawai."

"Ba komai, Auta," in ji shi. Amma akwai komai. Ya ƙudurta sai ya rama a falon nan, gaban kyamarar nan.

Wata huɗu yana jira. Ran nan sai ga Auta da ɗan akwatin da mijinta ke gwaji da shi, mai maɓalli biyu: ka danna na ɗaya ka ji wannan na'ura, ka danna na biyu ka ji waccan. Ya lalace, kuma babu mai iya gyara shi sai Yaya.

Mai Dalma ya gyara. Sai dai ya karkatar da waya ɗaya a ciki, yadda duk maɓallin da aka danna, na'ura ta biyu kaɗai za a ji.

Ya kai da kansa, har da sunkuyar da kai. "Na ɗan taɓa gwangwanin nan. Ko za ka sake gwada shi da sabuwar na'urar da ka saya?"

Surukin ya ga banza ta faɗi. Ranar Asabar aka jera su: sabuwar mai tsadar mota a maɓalli na ɗaya, gwangwani a na biyu.

Surukin ya danna na biyu, ya yamutsa fuska. "Wannan goge ne ko ana kankare tukunya?"

Ya danna na ɗaya, ya lumshe ido yadda ya saba. "Yauwa! Kun ji aiki. Har numfashin mai sarewa nake ji."

Mai Dalma ya miƙe a hankali. Ya zare wayoyin mai tsadar ɗaya bayan ɗaya, fitilarta ta mutu. Ya ɗauke ta cak, ya rungume, ya tsaya gaban kyamara.

Sarkin Kunne bai sani ba, ido a rufe, yana ta kaɗa yatsa.

"Ku saurari fiyanon nan! Wallahi Yaya ko zai shekara ɗari ba zai haɗa irin wannan ba."

"Buɗe idonka, ƙanena."

Ya buɗe. Na'urar da yake yabo tana hannun Yaya, wayoyinta na reto, kiɗa kuma bai fasa ba a kunnensa.

"Tun ɗazu gwangwanin kake ji," in ji Mai Dalma. "Shi ka zaga, shi ka yaba."

Wannan karon ma an yi dariya, har wani ya ƙware. Mai Dalma ya ajiye wa surukin kayansa a cinya, ya naɗe wayar tasa, ransa fari ƙal.

"Bari in tafi da gwangwanina, ƙusoshi na jira."

Bai kai bakin ƙofa ba Likita ya riƙo masa hannu. "Malam, tawa tana nan kuwa?"

"Tana nan. Amma ka zo ka ji ta da kunnenka tukuna, kada ka sake aron na wani."

Darasi: Kada ka auna aikin mutum da kyan akwati ko tsadar kuɗi, kuma kada ka wulaƙanta mai sana'a don a yi maka tafi. Wanda ka kunyata yau, wata rana wayarka za ta biyo ta hannunsa. Ku tura wa duk wanda ke ji da ido maimakon kunne.