Mutumin da Ya Dubi Surukarsa Cikin Ido

An yi wani mutum a wani gari, Nomau mai saƙar tabarma, a zamanin da suruki kan tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gai da surukarsa kansa a ƙasa. Allah Ya jiƙan mutanen da, ina kewarsu. Matar Nomau ta rasu ta bar uwarta, Inna Hansai, ba ta da kowa. Ya ci gaba da riƙon tsohuwar a gidansa, amma bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba.

Ciwo biyu take fama da su, suga da hawan jinin ido. Ku saurara, jama'a. Suga mai baki ce, in ka saɓa mata za ta gaya maka da jiri da ƙishirwa. Na ido kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama. Shi ya sa Inna ba ta fashin ƙwayar suga. Maganin ɗigawa a ido kuwa, suga ta kashe mata yatsu, in ta matsa kwalbar sai ya bi kumatu. Ta gaji, ta jefa shi cikin kwalla. Ido ɗaya ya tafi.

Likita ya ce wa Nomau, "Ɗayan ma ya kama hanya. Wa ke ɗiga mata?"

Nomau ya koma gida. Ya roƙi matan maƙwabta, yau su zo, gobe suna gidan biki. Ran nan da safe ya wanke hannu, ya ɗauki kwalbar, ya durƙusa gabanta.

"Inna, ki gafarce ni. Ɗaga kanki."

"Kai yaron nan, ba ka jin kunya? Me mutane za su ce?"

"Ina ji, Inna, kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma gobe ƙiyama in 'yarki ta tambaye ni idonki, ba mutane za su amsa mata ba."

Tsohuwa ta yi hawaye, ta ɗaga kai. Ya buɗe fatar idon, ya ɗiga.

Gari ya ɗauka, wai Nomau ya zubar da kunya. Shi kuwa ya ci gaba. Safe da yamma yana ɗigawa, shekara da shekaru. Har Inna ta koma ga Allah, da idonta take tsince tsakuwa a shinkafa.

To, jama'a, kunya ado ce, amma kunyar da za ta makantar da tsohuwa ba ta Allah ba ce. Kowannenku yana da tsohuwa a gida. Kada ka tsaya a "Kin sa magani?" daga bakin ƙofa, don "na sa" za ta ce. Shiga, ka wanke hannu, ka ɗiga mata.