Hannun Alhaji Kudus da Duromomin Jama'a

Akwai wani attajiri a unguwar Morris Heights, can ƙasar Turawa, da ake kira Alhaji Kudus, wanda ya yi aiki a jirgin kamun kifi a garin Tema na bakin teku, can gida, lokacin ƙuruciyarsa, ya kuma ɗauka cewa ilimin teku ya ƙare a kansa.

Sana'arsa aika kaya gida. Mutane kan sayi durom na kwali, su yi ta tara kaya a ciki sannu a hankali, shi kuma ya ajiye musu a ɗakin ƙarƙashin shagonsa har ranar lodi.

Cikinsu akwai Hajiya Shamima, mai aikin jinyar tsofaffi. Shekara biyu tana cika nata da atamfofi, takalma da littattafan jikokinta na Kumasi.

Da aka ba da labarin wata guguwa ta taso daga kudu, sai Salima, ɗiyar maƙwabcinsa, wadda aikinta nazarin teku ne, ta same shi cikin ladabi.

"Baba Alhaji, a hau da duromomin nan sama. Guguwar nan ba za ta yi laushi ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Na'urorinmu da ke nutsewa ƙarƙashin teku. Guguwa ruwan ɗumi take ci. Tana tafiya tana dama teku kamar muciya a tukunya. In ta tono ruwan sanyi daga ƙasa, sai ƙarfinta ya karye. To bana, a hanyar da take bi, ɗumin ya yi zurfi ƙwarai. Duk abin da ta tono ƙara mata ƙarfi yake yi."

Alhaji ya yi dariya. "Tun ba a yaye uwarki ba nake cikin teku. Je ki dama kokonki, 'yar boko."

Abin takaici, bai tsaya nan ba. Ya hau jirgin ƙasa takanas har bakin teku, ya naɗe hannun riga, ya tsoma tafinsa a ruwa, ya ɗauki bidiyo ya watsa wa jama'a: "Ga shi nan, sanyi ƙalau. Kowa ya kwantar da hankalinsa."

Ku dubi girman wautar. Mutum ya auna tekun da ke da nisan ɗaruruwan mil da zurfin gaba sittin da tafin hannu guda!

Bayan kwana uku guguwar ta iso da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Magudanai suka cika, ruwan masai ya yi baya, ya ɓullo ta ɗakin ƙasa har iya ƙugu.

Washegari aka taru a bakin matakala, kowa ya toshe hanci. Kwali ya jiƙe ya fashe. Atamfofin Hajiya Shamima na yawo cikin ƙazantar da alƙalamina ke ƙyamar siffantawa.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wani ɗan takalmi yana juyawa a ruwan, sannan ta waiwayo.

"Alhaji, ga ruwa ya zo har gida. Naɗe hannun rigar ka tsoma, ka gaya mana, da sanyi ko da ɗumi?"

Ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar babu wanda ya sake ba shi ajiyar ko allura.

Darasi: Wanda saninsa bai wuce saman ruwa ba, kada ya raina wanda ya leƙa ƙarƙashinsa, balle ya yi caca da amanar mutane. Ku tura wa duk wani mai gemun da ke ganin shekaru sun ɗauke masa wajibcin sauraro.