Ƙulli Arba'in da Ɗaya na Tsohon Bene

Ran Talata da safe, a shekararsa ta ɗari uku da goma sha huɗu a duniya, Tsohon Bene ya tashi da ciwo a gefen cikinsa na dama. Bai gaya wa kowa ba. Dama bai saba gaya wa kowa komai ba.

Matsafi ne, kuma duk layin an sani. Yana zaune shi kaɗai a ɗaki biyu a saman shagon mai gyaran agogo, shi ya sa ake ce masa Tsohon Bene. Sunansa na ainihi ya ɓace tare da waɗanda suka san shi. An taɓa sararsa da takobi, takobin ya karye. An zuba masa guba sau bakwai, ya shanye ya lashe baki. Sirrin yana cikin wani baƙin zare mai ƙulli arba'in da ɗaya, wanda malaminsa ya ɗaura masa tun yana saurayi. Muddin akwai ƙulli ko ɗaya a zaren, ba abin da zai huda fatarsa, ƙarfe ne ko kwalba ko dutse, kuma ba abin da zai haɗiya ya yi masa aiki a jiki.

Zaren yana da ƙa'idarsa. Mai shi ba ya iya kwance shi da hannunsa, sai dai wani ya kwance masa. Kuma ba a jere ake bi ba. Kowane ƙulli da wanda yake binsa, in aka saɓa sau ɗaya, duka sai su sake ɗaurewa, ba za su kwantu ba sai bayan kwana uku. Duk wanda ya san jerin, ya riƙe ran mai zaren a tafin hannunsa. Tsohon bai taɓa koya wa kowa ba. Ya yi ɗalibai goma sha ɗaya, ya kore su ɗaya bayan ɗaya da zarar sun fara tambayar zaren. Ya san abin da ɗalibi ke iya yi wa malaminsa, domin shi ma ya taɓa zama ɗalibi. Aibinsa ke nan: bai yarda da kowa ba, kuma wannan hali yake kira hankali.

Daga cikin zuriyarsa mutum ɗaya ke hawa benen. Tela ce mai shekara arba'in da biyu, ana ce mata Auta. Kalmomin zumunta sun ƙare kafin a iso kanta, don haka Kaka kawai take ce masa. Duk Alhamis takan kawo masa abinci, ta kwashi wanki. In ta tafi, sai ya ƙirga cokulansa.

Wannan Alhamis ɗin a ƙasa ta same shi, tsakanin gado da kantar littattafai, ya naɗe kamar tabarma.

"Kaka, kwanciyar ƙasa kuma? Ko gadon ya yi maka laifi?"

"Wani abu nake dubawa a ƙarƙashinsa."

"Da ido a rufe?"

Ta taɓa goshinsa, ta janye hannu. Jikin zafi rau.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya. Ba komai ba ne. Likitocin da na binne sun fi waɗanda kika taɓa gani yawa."

"To yau za ka ga wanda ba ka binne ba tukuna. Tashi, angona, mota za mu shiga."

Da ita da mai gyaran agogo da direban tasi suka sauko da shi. Bai bari kowa ya riƙe masa sandarsa ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka isa asibiti. Likitar wata gajeriyar mace ce mai tabarau rataye a wuya. Ta danna cikin ta saki, tsohon ya cije leɓe har ya yi fari. Ta sa aka ɗauki hoton ciki, ta duba, ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, akwai wata 'yar hanja a nan, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Ta kumbura, ta cika da mugunya. In ba mu cire ta yau ba, za ta fashe. Aikin minti arba'in ne. Na yi wa mutum biyu tun safe, ɗayan ma yana can yana neman shayi."

Nas ta zo sa masa ƙarin ruwa. Ta nemo jijiya, ta soka allura, allurar ta lanƙwashe. Ta ɗauko wata, ita ma haka. Ta ukun ma karyewa ta yi. Likitar ta karɓi hannun, ta ɗauko wuƙar tiyata sabuwa, ta gwada a bayan hannunsa. Wuƙar ta zame kamar a kan faranti.

"Me aka yi wa jikin nan?"

Tsohon ya juya fuska bango. Auta ce ta yi bayani, iya abin da ta ji daga bakin mahaifiyarta: zaren, ƙullin, da cewa ko ƙwaya ya sha ba za ta yi masa komai ba, domin jikinsa bai san bambancin guba da magani ba.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ga allurai uku a tire.

"To a kwance. Ina da awa huɗu, ko biyar in an yi sa'a. Bayan nan ko na buɗe shi, ba lallai in tarar da abin gyarawa ba. In an gama aikin sai ku sake ɗaure abinku."

Ta fita. Auta ta matso da kujera.

"Ina zaren, Kaka?"

"Wa ya turo ki?"

"Ni ce fa."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya. In ana son a kai ga mutum, ba baƙo ake turowa ba."

"Maƙiyan nan naka, wanne ne ke raye? Na ƙarshensu ya mutu kakata tana wasan ƙasa."

"Sun bar 'ya'ya."

"Jikokinsu taya suke sayarwa da katin waya. Ba su ma san kana duniya ba."

Wannan maganar ta fi ciwon cikin yi masa zafi. Wajen awa ɗaya ya ƙi faɗin inda zaren yake, yana numfashi sama-sama, gumi na jiƙa matashi. Auta ta roƙe shi, ta yi masa wasa, ta yi masa faɗa. Sai wajen ƙarfe ɗaya ya kira ta da yatsa.

"Koma gida. Bayan kanta ta uku akwai bulo mai motsi. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe a ciki. Ki je da kanki."

Ta fita da gudu. Motoci sun cushe a kan gada, ta sauka daga tasin ta ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Mai gyaran agogo ya taya ta sauke littattafai ta jawo bulon. Akwatin na nan. Ta buɗe a tsaye. Babu komai a ciki sai wani tsohon tsumma.

Ƙarfe uku ta dawo asibitin, ƙafarta ɗaya na jini. Ta ajiye akwatin a kan gadon.

"Babu komai a ciki."

"Na sani. So nake in ga ko ke kaɗai za ki dawo, ko da wani a bayanki."

Nas ɗin ta ɗago kai ta kalle shi. Auta ta kalli ƙafarta mai jini.

"Ni kaɗai na dawo," ta ce. "Dama ni kaɗai nake zuwa. Shekara goma sha tara ke nan."

Tsohon ya jawo sandarsa, ya murza kanta, ya zare. Zaren yana ciki. Tun safe yana ɗakin, a cikin sandar da ke jingine da gadon.

Auta ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta roƙi nas takarda da biro.

"Faɗi jerin duka yanzu, in rubuta, tun kana da ƙarfi."

"Ba a rubutawa."

"In an gama ka ƙone takardar da hannunka."

"Ɗaya-ɗaya zan faɗa. A kunnenki. Waccan ta matsa."

Likitar, wadda ta shigo a lokacin, ta ce nas ba za ta matsa ba. Za ta zauna a ɗaya gefen da allura a kan jijiyarsa, don da zarar fatar ta buɗe a sa ruwa a wuce da shi ɗakin tiyata. An riga an shirya gadon turawa a bakin ƙofa.

Ya raɗa mata na farko. "Na bakwai daga sama."

Auta ta yi shekara ashirin tana warware ɗinkin da wasu suka ɓata, yatsunta sun san aikinsu. Amma ƙullin shekara ɗari uku ba ɗinkin jiya ba ne. Kowanne sai ya ci minti uku. Farcenta na babban yatsa ya tsage a na tara, ta ci gaba da na kusa da shi. Ba mai magana a ɗakin sai raɗar tsohon da ƙarar agogon bango.

A ƙulli na ashirin, sai ya saki ajiyar zuciya. Fuskarsa ta warware. Ya miƙe ƙafafunsa a karon farko cikin kwana uku, har ya yi murmushi.

"Kin gani? Ya lafa. Na gaya miki ba komai ba ne. Miƙo min zarena."

Auta ta kalli likita. Likitar ta taɓa cikin, ya yi tauri kamar katako.

"Ba lafawa ya yi ba, Baba. Fashewa ta yi. Daga yanzu minti muke ƙirgawa, ba awa ba."

"Haka za ki ce mana. Bakinku ɗaya."

Ya miƙa hannu zai fizge zaren, Auta ta janye shi bayanta.

"Ba zan bayar ba. Ka tsine min in ka warke."

Ya rufe baki ya ƙi faɗin na gaba. Minti goma sha biyar ya yi a haka, yana kallon silin kamar wanda ya ci nasara. Daga nan sai rawar sanyi ta kama shi, har ƙarfen gadon na kaɗawa. Da ta sake shi, muryarsa ta koma ƙarama.

"Na biyu daga ƙasa."

"Kaka, don Allah, faɗi sauran gaba ɗaya. Zan riƙe a ka."

"Ɗaya-ɗaya."

Suka ci gaba. A na talatin ya fara kiranta da sunan wata matarsa da ta mutu tun kafin a gina asibitin. A na talatin da huɗu ya koma wani yare da ba mai jinsa yanzu a duniya, sai da ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta ce, "Da Hausa, angona, da Hausa," sannan ya dawo. Ta kwance na talatin da shida, da na talatin da bakwai, da na talatin da takwas. Zaren ya yi laushi, ya kwanta a cinyarta. Ƙulli uku suka rage: ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa.

"Saura uku. Wanne?"

Ya buɗe ido. A wannan karon idon a sarari yake, ya gane ta, ya gane ɗakin. Ya daɗe yana kallonta.

"In na faɗa," ya ce, "kin san duka ke nan."

"Eh, zan sani. Faɗa."

Ya ci gaba da kallonta. Ana ganin lissafin da yake yi. Da ya gama, leɓunansa suka motsa, ta kai kunne har yana taɓa bakinsa. Iska kawai ta ji. Idonsa ya juye.

Ta girgiza shi. Ta yayyafa masa ruwa. Ta kira shi da duk sunan da ta taɓa kiransa da shi. Bai amsa ba.

"Zai farfaɗo?" ta tambayi likita.

"Ba na jin zai farfaɗo sai da ruwa da magani a jijiya. Su kuma ba za su shiga ba sai kin gama."

"In na saɓa, kwana uku."

"Ba shi da kwana uku. Ba shi da rabin awa. Zaɓi ɗaya."

Auta ta kalli ƙullin ukun. Ba abin da ya bambanta su. Ta goge hannunta a zani, ta kama na tsakiya. Ta ja a hankali, tana jiran zaren ya murɗe a hannunta ya koma yadda yake. Ƙullin ya buɗe. Zaren bai motsa ba.

"Saura biyu," in ji likita. "Yi sauri."

Ta ɗora farce a kan na sama, ta ɗauke. Ta kai kan na ƙasa, ta tsaya.

"Ta shiga," in ji nas. "Likita, allurar ta shiga."

Auta ta dubi cinyarta. Ƙulli biyun suna nan a ɗaure, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Likitar ta sa yatsu biyu a wuyan tsohon, ta jira, sannan ta ɗaga kai ta kalli agogo. Ƙarfe shida saura kwata, rai ya yi halinsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, taka-tsantsan yana da iyaka, kuma in ya wuce iyakarsa shi ma haɗari ne. Tsohon Bene ya tsare kansa daga takobi da guba, ya manta cewa akwai ciwon da ke tasowa daga ciki, wanda sai hannun wani ke iya kaiwa gare shi. Ƙarfi da ilimi da tsawon rai ba su fitar da kowa daga buƙatar mutane ba. Mai karatu, ka san wanda ya daɗe yana nuna maka gaskiya, ka yarda da shi tun kana da lafiya da bakin magana. Ranar da za ka buƙace shi ba za ta ba ka lokacin jarraba shi ba.