Lallen Inna

Ilyasu mai lambu ne a bakin tabkin Madarumfa, gwanin salati da tumatir. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Mutum ne da in ya shuka abu yau, gobe sai ka gan shi tsaye a kansa yana yi masa faɗa.

A gidansu na Safo akwai wani tsohon icen lalle da mahaifiyarsa ta shuka. In ya yi fure, ƙamshi har gidan maƙwabta. Takan tsinki furen ta zuba cikin tufafinta, shi ya sa duk ɗan da ta goya ya san ƙamshin nan. Bayan rasuwarta aka sayar da gidan, wanda ya saya ya sare icen don ya gina shago. Reshe ɗaya tak Ilyasu ya ceto, ya kafa shi a gefen lambu.

Reshen ya kama, ya yi ganye shar, amma fure shiru. Damina ta zo ta wuce, shiru. Kullum ya zo ban ruwa sai ya sunkuya ya shinshina, ya ji warin ɗanyen ganye, ya ja tsaki. Abin da ke ci masa rai shi ne ya fara manta ƙamshin, kuma gani yake Inna ce yake mantawa.

Wata rana yayarsa Bushira ta same shi da kwanon takin zamani a gindin lallen. Ta ce masa ice ba salati ba ne, na Inna ma sai da ya yi shekara da shekaru kafin ya yi fure.

"Yaya, noma sana'ata ce," in ji shi. "Bar ni da shi."

Ya tona gindin ya juye kwano guda, takin da zai ishi fangalin salati sukutum. Kai, ɗan reshe ina zai kai wannan? Ganye ya ƙone ya kakkaɓe. Ilyasu ya yi ta kwarara ruwa, ina, aikin gama ya gama.

Da Bushira ta dawo, ta kama busasshen reshen ta nuna masa samansa. Ga ƙananan tohon fure nan cunkus, sun bushe ba su buɗe ba. Ilyasu ya murtsuke ɗaya ya kai hanci. Bai ji komai ba. Nan ya zauna dirshan yana hawaye.

Darasin shi ne, kowane abu da lokacinsa, kuma ƙwarewa a wani aiki ba ta hana jin shawara. Abin da ba ka da madadinsa, shi ya fi cancantar ka yi haƙuri da shi.